Imoru Tela da Eriyar Alhaji Wahid

In ka shiga unguwar Tishigu a Tamale ka tambayi shagon Imoru Tela, za a nuna maka wani ɗaki mai ƙofar kwano kusa da injin niƙa. Ba za ka ga keken ɗinki a ciki ba, ba kuma za ka ga yadi ba. Sandunan alminiyam ne jingine da bango, da waya a naɗe, da gawarwakin rediyo jere a kan kanta. Rabon Imoru da allura ya haura shekara talatin, sunan ne kawai ya ƙi barinsa.

Ubansa Bazabarme ne, fataucin albasa ya kawo shi Tamale, ya ga 'yar Dagwamba a kasuwa ya manta hanyar gida. Don haka Imoru ya tashi da baki uku: Dagbanci wajen uwa, Zabarmanci in uban ya yi fushi, Hausa kuma ta ciniki da unguwa. Da ya kai shekara goma sha biyar aka kai shi koyon ɗinki. Hannunsa bai da laifi, kansa ma haka. Ciwonsa ɗaya, ya yarda da awo fiye da yadda ya yarda da mutane. Wani magidanci ya kawo saƙi a ɗinka masa batakari, rigar nan ta Dagwamba da ake so ta yi faɗi ta riƙa juyawa in ana rawa. Imoru ya auna ƙirjin mutumin da kafaɗarsa, ya yanka daidai, ko yatsa bai ƙara ba. Ran bikin Damba mutumin ya shiga fili, makaɗa suka juyo kansa, ya ɗaga hannu zai taka, rigar ta tsage daga hammata har ƙugu. Washegari maigidan Imoru ya sallame shi, ya ce ya tafi da tef ɗin awon, tun da shi ne ubansa.

Da tef ɗin a wuya ya faɗa hannun Baba Tijani, wani tsohon soja da ya yi aikin wayar iska a bariki, ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo. Baba Tijani bai cika magana ba, amma ranar da ya ga yaron yana auna eriyar wata rediyo ba wanda ya sa shi, sai ya jawo kujera ya zaunar da shi. Ya ce masa a wannan sana'ar ba a ƙara wa kowa yatsa don kunya. Ya koya masa lissafin da har yau yake ci da shi: ɗari uku ka raba da mitar gidan rediyon, abin da ya fito ka kasa huɗu ka ɗauki kashi ɗaya, sannan ka ɗebe kaɗan, biyar cikin ɗari, don magana ba ta gudu a jikin ƙarfe kamar yadda take gudu a iska. Wannan shi ne tsawon sandar eriya. Imoru ya ji kamar an mai da shi garinsu.

Shekara ashirin yana gyaran rediyo, har Baba Tijani ya rasu ya bar masa shagon da wani akwatin gwaji mai allura ɗaya. Ya auri Mashudatu, mai koko da ƙosai a bakin titi, suka haifi 'ya'ya huɗu. Daga nan wayar hannu ta zo, kowa ya koma jin labarai a aljihu, rediyon da ta lalace sai a ba yara su yi mota da ita. Shekarun nan kaskon Mashudatu ne ya riƙe gidan, kuma ba ta ɓoye wa kowa hakan ba. Abin da ya cece shi shi ne ƙananan gidajen rediyon FM da suka fara tsirowa a arewa, kowane gari da nasa, wani lokaci kowace unguwa. Duk suna bukatar eriya, ba kuma kowa ke iya sayen ta waje ba. Imoru ya koma ƙera irin wadda Baba Tijani ya fi so: sanda ɗaya a tsaye, ƙafafu huɗu a gindinta sun sunkuya ƙasa, kamar ƙarafan lema da aka yaye wa yadi.

A cikin wannan hali ne Alhaji Wahid ya aiko a kira shi. Alhaji dillalin masara da kaɗanya ne, ya gina bene a unguwar Jisonayili, ya kuma sami lasisin buɗe gidan rediyo. Kowa ya san abin da ya tsokano shi. Wani abokin gasarsa a kasuwar hatsi ya riga shi buɗe nasa a unguwar Vittin, da wata farar eriya doguwa da ake hangowa daga titi. Alhaji ya sayo injin watsa shiri daga Kumasi, amma eriyar da aka haɗo masa da ita ta yi tafiyar a ƙarƙashin buhunan garin rogo, ta iso a lanƙwashe kamar lauje.

Imoru ya tambayi mitar da aka ba su, aka ce casa'in da biyar. Ya yi lissafinsa a bayan kwalin sabulu, ya fito santimita saba'in da biyar. Kwana biyu ya yi yana yanka yana goge baki, ya yi wa ƙafafun ƙarin ɗan tsawo kamar yadda aka koya masa, ya ɗaure abin a bayan babur ya nufi Jisonayili. Alhaji ya sauko har ƙofar gida ya tarbe shi. Ya dubi eriyar, ya dubi babur, ya leƙa hanya ko akwai mota a baya.

"Ina sauran?"

"Ke nan duka, Alhaji."

Alhaji ya ce sandar da yake kora awaki da ita ta fi wannan tsawo. Ya ce kuma ƙafafun nan me ya same su, sun zube kamar fikafikan zakaran da aka kora daga bola. Imoru ya jingine babur ya yi masa bayani da yaren da ya san zai shiga. Ya ce inji shi ne mai kaya, waya ita ce dillali, eriya ita ce mai saye. Inji da waya sun yi wa kayansu farashi, om hamsin, om ɗin nan kuwa awo ne na lantarki kamar yadda mudu yake na hatsi. In ƙafafun eriya suka miƙe sambal, tayinta talatin da shida ne, ciniki bai faɗa sosai ba, wani kayan sai ya juyo ya koma wa mai shi. In aka sunkuyar da su rabin hanya zuwa ƙasa, tayinta ya hau hamsin, ta kwashe kaya duka ta watsa wa gari. Kayan da ya dawo kuwa ba ya zama a sito, zafi yake zama a cikin inji.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya ce shekara arba'in yana ciniki bai taɓa ganin mai sayen da sai ya durƙusa yake ƙara tayi ba. Amma ya bari aka hau da ita rufin bene aka ɗaura a kan bututun ƙarfe. Aka kunna inji, allurar akwatin gwaji ko motsi ba ta yi ba, wanda shi ne abin da ake so. Lamisi, matar da Alhaji ya ɗauka ta riƙa gabatar da shirye-shirye, ta yi sallama a makirufo ta ba da lambar waya, kafin la'asar an kira daga garuruwan Savelugu da Nyankpala ana cewa ana jinta tar. Imoru ya koma gida da farin ciki, kwana biyu bayan haka ya tafi Yendi sunan jikar yayarsa.

Da ma saura kwana huɗu a yi bikin buɗewa. A kwanakin nan abokan Alhaji suka riƙa zuwa ganin gidan rediyo, kowa ya ɗaga kai sai ya tambaya yaushe za a sa eriyar. Wani ya ce ya zaci abin shanyar kifi ne. Wanda ya fi ƙona masa rai wani ne da ya ce ai ba komai, ta Vittin ma da ƙarama ta fara. Alhaji ya sa aka kira ƙanen matarsa, Abdul-Mumuni, mai walda, wanda ya yi duk ƙofofin benen. Abdul-Mumuni mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya iya ganin ƙarfe a karkace ya wuce. Ya hau rufi da safiyar Juma'a, ya samo wata sandar alminiyam daidai tsawon ta Imoru ya ɗaure a kanta da kusoshi, tsawo ya ninka. Ya kama ƙafafun huɗu ya miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, har da sa ma'aunin magina mai ruwa don kada wata ta fi wata. Da ya sauko Alhaji ya ce yanzu ta yi kama da abin mutane.

Bayan sallar Juma'a aka kafa rumfuna aka jera kujerun roba, makaɗa suka zo, aka raba sobolo, wato zoɓo, mai sanyi. Lamisi ta kunna inji ta miƙa wa Alhaji makirufo. Injin irin na zamani ne, mai tausayin kansa: in kaya suka dawo masa da yawa sai ya rage ƙarfi, in abin ya ci gaba ya ɗauke gaba ɗaya, ya huta, ya sake gwadawa. Mutanen da ke ƙarƙashin rumfa suna jin Alhaji ta lasifika, ba su san komai ba. Na gida kuwa, waɗanda ke Jisonayili kaɗai, don maganar ba ta wuce unguwar ba ranar, sai su ji Alhaji, su ji shuuu, su sake jin Alhaji.

Alhaji ya daɗe da wata magana a ransa, ya ga ranar fitar da ita ta zo. Ya ce, "Masu yawo da ni a kasuwa suna cewa Alhaji Wahid yana ɓoye masara sai ta yi tsada ya fito da ita, na bar su da Allah." Inji ya ɗauke a farkon maganar, ya dawo a tsakiyarta, ya sake ɗaukewa kafin ƙarshenta. Abin da ya shiga gidajen Jisonayili, da muryar Alhaji kansa, a gidan rediyonsa, shi ne: Alhaji Wahid yana ɓoye masara sai ta yi tsada ya fito da ita. Wata mata da ke gida tana naɗar bikin daga rediyo a wayarta don ta tura wa 'yarta ta tura, 'yar ta tura gaba. Abin da eriya ta kasa kaiwa Savelugu, waya ta kai har Kumasi kafin magariba.

Imoru yana cikin cin tuwon suna wayarsa ta yi ƙara. Lamisi ce, ta ce inji yana tari, Alhaji kuma ya ce a gaya masa eriyarsa ta ci mutuncinsa. Ya shiga motar farko ta safiyar Asabar. Tun daga bakin titin Jisonayili ya ɗaga kai ya ga abin da aka yi, ya tsaya ya daɗe yana kallo, har mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da ya ɗauko shi ya tambaya ko rasuwa aka yi a gidan.

A kan rufi ya tarar da Alhaji da Abdul-Mumuni. Ya haɗa akwatin gwaji, ya ce Lamisi ta kunna inji da ƙaramin ƙarfi. Allura ta tashi ta bugi ƙarshen gilashi ta manne. Sannan ya gaya wa Alhaji cewa da a ce da gangan aka nemi tsawon da ya fi kowanne muni, da ba a sami wanda ya wuce wannan ba. In an ninka sandar sau biyu cif, tayinta ba hamsin ba ne, ba ɗari ba ne, dubbai ne, kusan duk kayan sai su koma wa inji. Abdul-Mumuni ya ce shi dai a duba aikin, ko gashi bai karkace ba. Imoru ya duba, ya ce gaskiya ne, bai taɓa ganin ɓarna mai kyau irin wannan ba.

Alhaji ba mai saurin sakin ciniki ba ne. Ya ce to in biyu ta ƙi, a ninka uku. Imoru ya san amsar ba za ta taimake shi ba, kuma bai iya ƙarya a kan awo ba. Ya ce in an ninka uku inji zai yi sanyi, allura za ta kwanta. Fuskar Alhaji ta washe. Imoru ya ƙara da cewa sai dai maganar sama za ta nufa maimakon ta bi ƙasa.

"Masu jirgin sama za su ji ka sosai, Alhaji. Mutanen Savelugu ne ba za su ji ba."

Ya kwance ƙarin sandar, allura ta sauko ta tsaya kusa da gida. Sai ya ce Alhaji ya riƙe akwatin da hannunsa. A kashe inji, Abdul-Mumuni ya sunkuyar da ƙafafun kaɗan, a kunna, allura ta ƙara sauka. A kashe, a ƙara sunkuyarwa, a kunna. Sau uku aka yi, Abdul-Mumuni yana lanƙwasa aikinsa da hannunsa yana kau da kai, har allura ta kwanta. Alhaji ya ga abu mai kama da sikeli, sikeli kuwa shi ne abu ɗaya da yake girmamawa a duniya. Ya ce ya yarda da ƙafafun. Tsawon ne ba zai yarda ba, don mutanen gari ba allura suke kallo ba, rufi suke kallo, kuma bayan abin da ya faru jiya ba shi da sauran mutuncin da zai yi asara. Aka tashi ba a shirya ba.

A gida Imoru ya zayyana wa Mashudatu komai tana tsame gero. Ta ce duk tsawon shekarun nan bai koyi komai game da mutane ba. Alhaji ba doguwar eriya yake so ba, so yake a ga doguwar eriya.

"Ɗinka mata riga mana. Ba Tela ake ce maka ba?"

Ya ce wannan ha'inci ne. Ta ce in mai kaya ya sani ba ha'inci ba ne, ado ne. Ya yini yana juya maganar, ya tuna roba ba ta tare maganar rediyo. Litinin ya sayi bututun roba na ruwan famfo, mita uku, ya toshe bakinsa na sama, ya kai wa Alhaji ya gaya masa gaskiyar abin: sandar tana nan yadda take a ciki, sauran duk iska ce. Ya ce kuma in ana son magana ta yi nisa da gaske, bututun ƙarfen da ke ɗauke da eriyar za a ƙara wa tsawo, a nan kam ko sama za a taɓo ba shi da ta cewa. Alhaji ya zagaya bututun roban sau biyu, ya tambaya wa ya sani ban da su. Imoru ya ce Abdul-Mumuni, da Mashudatu. Alhaji ya ce Abdul-Mumuni ba matsala ba ne.

Abdul-Mumuni ya sami inda zai huce, ya ƙara mita shida na ƙarfe a miƙe kamar alif, ya ja wayoyin ɗauri ta kusurwa uku, ya yi wa roban fenti ja da fari. Da aka zura rigar allura ta ɗan ɗaga, Imoru ya rage wa sandar kusan santimita ɗaya ta koma ta kwanta. Ya roƙi Abdul-Mumuni kada ya gaya wa Alhaji an ma rage. Daga ranar aka fara jin gidan rediyon har Tolon da wasu ƙauyukan bayanta. Alhaji ya sake karanta jawabinsa daga farko har ƙarshe, sau uku a rana, mako guda, ya kuma fito da masara ya sayar da rahusa don ya rufe bakin mutane. Masu ɗaga kai suka ce ta fi ta Vittin da kamu biyu.

Rigar ta yi wata bakwai. Ruwan farko na damina a Tamale da iska yake zuwa, irin mai kwashe kwanon rufi. Wata la'asar ta tuɓe bututun roban ta yi sama da shi, ta ajiye shi a garken awakin wani maƙwabci. Sandar ta tsaya tsirara a saman dogon ƙarfe, shiri ko yankewa bai yi ba. Alhaji ya kira Imoru ya ce a nemo wani bututun kafin gari ya farga, amma titin ya cika da ruwa, aka ce sai jibi. Kafin jibi gari ya farga, sai dai ba yadda Alhaji ya ji tsoro ba. Labari ya bazu cewa Alhaji Wahid ya sauke tsohuwar eriya ya sa wata sabuwa 'yar ƙarama da aka kawo masa daga Dubai. Mutane suka ce ai haka kayan zamani suke, wa ke riƙe babbar waya yanzu. Wasu suka rantse murya ta fi fita. Da aka tambayi Alhaji a masallaci bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce dai a yi ta addu'a. Ya aika wa Imoru cewa a bar zancen bututu.

Mako biyu bayan haka wata mota ta tsaya a ƙofar shagon Tishigu, mai gidan rediyon Vittin ya fito. Ya ce ya ji Imoru ne ya ɗaura wa Alhaji Wahid ta Dubai, shi ma irinta yake so, a sauke masa wannan doguwar. Imoru ya ɗauki akwatinsa suka tafi Vittin, ya hau ya gwada. Ya sauko ya gaya masa eriyarsa ta kamfani ce, akwai sanduna da yawa a jere cikin farin bututun, an daidaita su tun daga can, kuma ta fi duk abin da shi Imoru zai iya ƙerawa. Ya ce kada ya bari kowa ya taɓa ta. Mutumin ya dube shi ya ce ya gane, Alhaji Wahid ya saye shi. Ya shiga mota ya bar shi a nan, sai a yalo-yalo Imoru ya koma gida.

Mashudatu ta ji labarin ta ce ita dai ta gode wa Allah da mutane ba su daina shan koko ba. Yanzu Imoru ya kusa sittin, gwiwoyinsa sun fara ƙin tsani. Abdul-Mumuni ne ke hawa masa rufi, shi yana ƙasa da akwatin gwaji yana ɗaga murya a sunkuyar, a ƙara sunkuyarwa. Sun yi aiki tare a Walewale da Salaga da Bimbilla, kuma kusan kowace tafiya a hanya suke ɓatawa su shirya kafin su isa.